Abin Da Ɗan Aike Ke Gani A Hanyar Moriki

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Gaskiya ne, amma mabuɗi ba ya buɗe ƙofa sai an sa shi an murɗa. Mutum biyu su kan bi hanya guda rana guda, ɗaya ya iso gida baki cike da labari, ɗaya kuwa in ka tambaye shi abin da ya gani sai ya ce maka, "Ƙura." Mu da mu ka yi shekaru muna kai saƙo tsakanin Ƙaura Namoda da Moriki da Shinkafi da Zurmi, wani lokaci bisa keke, wani lokaci bisa babur, wani lokaci kuwa a bayan mota saman buhuna, mun ga ya kamata mu ba ku, ku 'yan makaranta, kaɗan daga cikin abin da hanyan nan ta koya mana. Dalili kuwa shi ne, abubuwan da mu ka gani suna ta ƙarewa, masu sanin sunayensu ma suna ta ƙarewa, kuma abin da ba a rubuta ba da mai shi ya ke tafiya.

Bari mu fara shimfiɗa muku ƙasar tukuna. In ka fita Ƙaura ka sa arewa gaba, sai ka isa Moriki, garin Sarkin Burmi, tafiyar yini guda ga mai ƙafa in ya yi sammako. In ka wuce Moriki sai Shinkafi, daga nan hanya ta miƙe zuwa Isa da Sabon Birni cikin Jihar Sakkwato. In kuwa daga Ƙaura ka karkata gabas maso arewa, sai Zurmi, garin Sarkin Zamfara, daga can ka bi ta Gurbin Ɓore ka faɗa Jibiya ta ƙasar Katsina. Gulbi biyu ke shayar da wannan yanki, watau Gagare wanda ya bi ta Ƙaura, da Bunsuru wanda ya biyo ta ƙasar Zurmi. Dukansu arewa su ka nufa, ruwansu ya tafi ya shiga Gulbin Rima. Duk ƙasan nan cikin Lardin Sakkwato ta ke a zamanin Turawa, sai a 1996 aka yanke Jihar Zamfara.

Kada ku zaci gidan waya ne ya fara aike a hanyoyin nan. Tun zamanin jihadi manzannin Sarkin Musulmi ke bi ta nan da takardu zuwa Katsina da Kano. A 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Kilafaton, wanda ya ke kiran kansa Abdullahi, ya bi ta Zurmi za shi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1853 kuma wani Bajamushe, Dokta Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya bi ta Zurmi da Badarawa, inda ya tarad da kasuwa ta cika maƙil, ga auduga ga dawa. Daga nan ya shiga Dajin Gundumi, su ka yi sa'a 26 suna tafiya ba zango, don tsoron mahara. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa.

Da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙaura a 1929, sai Ƙaura ta zama ƙarshen dogo. Gyaɗa da auduga da fatu su taru nan a yi kudu da su, jirgi kuwa ya sauke kananzir da yadi da gishiri da jakar wasiƙu. Inda dogo ya tsaya, nan aikin ƙafa ya ke farawa. Mun tarad da wani dattijo wanda ya ɗauki jakar nan a ka yana saurayi, shi ne kuwa malaminmu na farko a wannan sana'a. Ya kan ce mana, "Samari, takardar da ke cikin jaka ba taku ba ce, kada ku buɗe. Amma wadda Allah ya shimfiɗa dama da hagun hanya taku ce, ku karanta." Mu ce, "To, Baba." Muna dariya a ɓoye, muna cewa tsufa ne. Sai da mu ka zagaya shekara bisa hanya mu ka fara gane baƙaƙen.

Shafin farko bazara ne. Rana ta yi zafi har kwalta na kama tayar keke, gonaki sun yi fari fat, ba ka jin motsin komi sai kukan kurciya. Ran nan kwatsam sai ka ɗaga kai ka ga shamuwa na kewaya bisa tsamiyar bakin gari, baƙa mai farin ciki. Da ganinta manomi ya kan fara neman iri, ɗan aike kuwa ya nemi abin da zai naɗe takardunsa kada su jiƙe. Ko kun san inda ta ke tafiya in ta bar mu da kaka? Kudu ta ke yi, ta ƙetare tsakiyar duniya, ta ci rani can wajen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, domin lokacin da mu ke cikin rani su damina su ke ciki. Watau ita ruwa ta ke bi, da fara da tsutsar da ruwa ke kawowa. Amma nan wurinmu ta ke yin sheƙa ta ƙyanƙyashe, saboda haka 'yar gida ce, can ne ta ke baƙunci. Duk cikin masu kai saƙo babu wanda ya kai ta nisan zango, babu kuma wanda ya fi ta cika alkawari.

A wannan lokaci kuma za ka ga gawo ya fara zubad da ganye. Itacen nan shi kaɗai ya ke saɓa wa 'yan'uwansa. Da rani, sa'ad da kowa ya tuɓe, shi ya kan yi kore shar, ya ba matafiyi inuwa, ya zubo wa awaki 'ya'ya. Da damina kuwa, sa'ad da kowa ya yi ado, sai ya tsaya tsirara. Wanda bai sani ba sai ya ce taurin kai ne. Manomi ya san alheri ne, don ganyen da ya zubar taki ne, kuma ba ya tare wa shuka rana. Ku duba geron da ke gindin gawo, ku gwada shi da na nesa, idonku zai ba ku labari.

Shafi na biyu damina. Nan ne ɗan aike ke cin kwakwa. Ƙoramar da ka taka jiya ƙafa a bushe, yau ta kawo har wuya, sai ka zauna bakin gaɓa ka jira ta sauka. Baba ya ce a zamaninsu jaka a ka su ke ɗaure ta, masu fito su ja su da gora, mutum ya yarda rigarsa ta tafi da ruwa amma ban da takardar hakimi. Zaman jiran nan kuwa makaranta ne. Ga zalɓe tsaye da ƙafa guda ya zuba wa ruwa ido, kamar alƙali na sauraron shaida. Ga kirinjijiya na wucewa garke garke suna fito. Ga tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa suna saƙa sheƙa da ciyawa, suna rataye ta can ƙarshen reshe bisa ruwa, ƙofa tana kallon ƙasa, inda maciji ba ya isa da sauƙi. Ga guza ta fito shan hantsi, da ta ji motsi sai ka ji tsulum. A tudu kuma damo, sarkin haƙuri, wanda ya yi watanni cikin rami ba ci ba sha, ya fito yana kiwon fara da katantanwa.

Amma damina ba ta rasa abin tsoro. Kububuwa ƙarama ce, launinta launin ƙasa, sai dai in ta ji mutum ta kan naɗe tana goga jikinta, ka ji kamar ana zuba ruwa bisa garwashi. Dafinta ya kan hana jini daskarewa, har mutum ya yi ta zub da jini ta dasashi kwana da kwanaki bayan sara. Wanda ta sara, a gaggauta kai shi asibiti inda a ke da allurar dafin maciji, kada a tsaya tsaga wurin ko ɗaure shi tamau. Shi ya sa ɗan aike ba ya zama bisa kututture sai ya buga shi da sanda, ba ya kuma sa takalmi da asuba sai ya zazzage.

Shafi na uku kaka, lokacin da hanya ta fi daɗi. Dama da hagun dawa ta sunkuyar da kai, iska ta fara sanyi, kowane ƙauye ka ratsa sai an miƙo maka gyaɗa ko rogo, don mai kawo wasiƙa baƙon kowa ne. Da hantsi za ka ji yara bisa rumfuna suna kaɗa gwangwani suna kuwwa, suna korar jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan da su kan taso kamar hayaƙi su sauka gona su bar ta kara. Jan biri kuma ya kan aje ɗan tsaro bisa itace, sauran su shiga gyaɗa, da ya hango ka sai ya yi tari sau ɗaya, kafin ka ƙifta sun ɓace, don biri ne na ƙasa mai gudu kamar doki. Fakara ta kan tashi fir daga gindin ƙafarka har gabanka ya faɗi. Shanun Fulani su biyo burtali, belbela na biye tana tsintar farar da kofato ya tayar, carki kuwa na bisa doron sa yana cire kaska. Kowa da abincinsa, ba wanda ya tare wa wani.

Shafi na huɗu hunturu da rani. Hazo ya rufe duwatsu, leɓe ya tsage, an sa wa daji wuta, shirwa ta taru bisa hayaƙi tana cafke abin da wuta ta koro. Kuka ta tuɓe ta bar 'ya'yanta na reto. Gagare ya janye ya bar yashi fari, mata na tona shi suna ɗiban ruwa. A fadama za ka ga wasu ƙananan tsuntsaye baƙi waɗanda ba ka gani da damina. Daga Turai su ke, sun gudo wa sanyi, sun ƙetare teku da Hamada da fukafukan da ba su kai tafin hannunka ba. A da, lokacin nan ne kuma mu ke gamuwa da raƙuman Buzaye sun gangaro daga ƙasar Nijar da kanwa da gishiri, sun nufi kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis.

Yashin gulbi shi ne allon da Baba ya fi son biya mana. Da asuba, kafin dabbobin gari su tattake, duk wanda ya zo shan ruwa da dare ya sa hannu. Sawun kura ya yi kama da na babban kare, sai dai na gaba ya fi na baya girma ƙwarai. Na dila ƙarami ne siriri, a jere kamar ɗinki. Zomo ya kan sa ƙafafun baya gaban na gaba. Beguwa ta kan bar kibiyarta ko ɗaya. Barewa kuwa kofato biyu masu tsini, in ka ga tazararsu ta buɗe ka san wani abu ya firgita ta.

Kada ku ce wannan duk nishaɗi ne. Ga ɗan aike, sanin nan jari ne. Kurciyoyi in sun miƙe waje guda da la'asar sakaliya, ruwa su ka nufa, mai ƙishirwa sai ya bi su. Ungulu ba ta jewar banza, in ka ga tana kewaya, ko mushe ko mahauta. Tururuwa in ta fara kwashe ƙwanta tana hawa tudu, ka nemi mafaka. In kuwa fakara ta tashi can gabanka inda kai ba ka kai ba, ko tsuntsayen kurmi su ka yi tsit gaba ɗaya, to, akwai wani a wurin, sai ka tsaya ka san ko wane ne kafin ka ƙarasa.

Yanzu ga abin da ya sa mu ka ɗauki alƙalami. Mun lura littafin nan shafinsa na ta yagewa. Baba ya ce kakanninsa sun ba shi labarin zaki da giwa da raƙumin dawa a dazuzzukan ƙasar nan, shi bai gan su ba. Shi ya ga gwanki da mugun dawa da tuje, ya ga gauraka garke guda a fadama, mu ba mu gan su ba sai jefi jefi. Mu mun ga barewa da gada da burtu, mun kwana muna jin kukan kura bayan gari. Ku kuwa, da yawa cikinku ko ungulu ba ku taɓa gani a mahauta ba. Kowane zamani ya kan ɗauka abin da ya tarar shi ne duka, bai san an riga an kwashe rabi ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jama'a ta yi yawa, gona ta cinye saura, ta cinye burtali. Gatari ya bi marke da ƙirya don itacen wuta da gawayi. Bindiga ta yawaita. Farin 1973 da na 1984 sun busad da tafkuna, sun kashe itatuwa masu yawa. Ungulu kuwa guba da masu sayen kanta don tsubbu su ka gama da ita, har a 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa. Wani zai ce, to, mene ne don ungulu ta ƙare? A tambayi mutanen Indiya. Can wajen 1990 zuwa 2000 ungulayensu su ka mutu kusan duka, saboda wani maganin da a ke yi wa shanu, wanda ya kan kashe ungulun da ta ci mushen. Da mushe ya rasa mai kwashewa sai karnukan banza su ka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Ashe mai sharar da ba a biyansa shi ne ba a san darajarsa sai ya bar aiki. Gauraka kuma, wadda a ke kira tsuntsuwar Nijeriya, yau da wuya ka gan ta a dajin Nijeriya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Tun wajen 2011 'yan bindiga su ka fara addabar ƙasar Zamfara, su ka mai da dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu mafaka. Hanyar da mu ke bi da farin wata muna hira, ta zama sai da rana tsaka, sai da addu'a. Dā matafiyi kura ya ke tsoro, yanzu kura ta tafi, ɗan'uwansa mutum ya ke tsoro. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan wayar hannu a jihar, ta hana cin kasuwannin mako, don a toshe wa ɓarayi hanya. A 'yan watannin nan mu ka ga abin mamaki. Mutanen da su ka manta da wasiƙa tun shigowar wayar hannu a 2001 su ka koma neman takarda da biro, ana tsayawa tasha ana ba direba, ana cewa, "Don Allah ka ba wane." Yaron da ya iya rubutu ya zama abin nema a unguwa. Nan mu ka ƙara sanin cewa saƙo amana ne, kuma hanya ita ce jijiyar ƙasa, in ta toshe duk jiki sai ya ji.

Duk da haka ba mu zo mu karya muku zuciya ba. Ku tuna da sa'a 26 ɗin nan na Dajin Gundumi. Hanyar ƙasan nan ta taɓa zama abin tsoro, har ayari ba ya iya tsayawa shan ruwa, daga baya kuma lafiya ta samu har saurayi guda ya ɗauki jakar wasiƙu a ka ya ratsa daji da sanda kaɗai. Abin da ya taɓa gyaruwa yana iya sāke gyaruwa. Dabbobi ma haka. A Kure ta ƙasar Nijar, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har saura 49 a 1996, su ke nan a duk Afirka ta Yamma. Da hukuma da mutanen ƙauyuka su ka haɗa kai su ka hana taɓa su, kafin shekara 25 sun haura 600, suna kiwo a gefen gonakin mutane.

To, mene ne naku a ciki? Ba mu ce ku shiga daji ba, kul, ku bi maganar iyayenku da malamanku a kan inda za ku taka. Amma hanyar da ke tsakanin gidanku da makaranta ita ma hanya ce, kuma ku ma 'yan aike ne, kullum ana aikenku. Kowa ya sami ɗan littafi. Ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa bana, da ranar da ta tafi, da ranar ruwan shuka. Ya ƙidaya gawo da kuka da tsamiya nawa ke tsakanin ƙofar gari da makaranta, baɗi ya sāke ƙidayawa. Ya zauna gaban kakansa ko kakarsa da dare ya ce, "Kaka, waɗanne namun daji ku ka gani kuna yara, a ina, yaya kukansu?" ya rubuta sunayen yadda su ka faɗa da bakin Zamfara, kada ya gyara. In kun haɗa littattafan ajinku shekara biyar, za ku ga kun tara abin da babu shi a kowane kanti. Mai danƙo kuma ya ƙyale tsuntsuwar da ke kan ƙwai. In an ce ku dasa itace a makaranta, kada ku tsaya ga dogon yaro kaɗai, ku nemi irin gawo da tsamiya da ɗorawa ku haɗa.

Wata rana cikinku za a sami hakimai da alƙalai da malaman gona da na daji, waɗanda za a kawo wa takarda a ce su sa hannu a sare kurmi kaza, ko a raba burtali kaza. Ran nan wanda ya san sunan abin da ke cikin kurmin zai yi tunani kafin ya sa hannu, wanda bai sani ba kuwa ƙura kaɗai ya gani. Allah ya zaunad da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanyoyinta, ya sa ku ga abin da mu ka gani har da ƙari. Amin.